Usur ɗin da ya fi ƙarfina

Akwai wani yaro da na yi kusan shekara biyu ina canja hanya idan na hango shi a kasuwar Sabon Gari. Ba bashinsa na ci ba, bai kuma taɓa zagina ba. Hasali ma idan muka yi kiciɓis shi ke fara gaishe ni, ya ce, "Sannu rafali," yana murmushi. Wannan murmushin ne ya fi damuna. Lamba 7 yake sawa a tim ɗin ƙwallon kwando na makarantarsu, kuma ni ne na kore shi daga wasansa na ƙarshe a sakandare kan laifin da bai yi ba.

Ƙannena, bari in ɗauko muku zancen daga tushe.

A Zariya ƙwallon kwando ba baƙon wasa ba ne. A nan Masai Ujiri ya tashi, mutumin da yake shugabantar Toronto Raptors lokacin da ta ci gasar NBA a 2019, don haka kowane yaro mai ɗan tsayi a unguwarmu yana ganin shi ma wata rana Amurka za ta kira shi. Ni ma haka na gani. Na fara wasa tun ina aji biyu na ƙaramar sakandare, ina da sauri, hannuna kuma ba laifi. Sai tsayi ya ƙi zuwa. Muna shiga babbar sakandare abokaina suka yi ta miƙewa kamar rake, ni kuwa na tsaya inda nake, kwandon nan da ke mita 3.05 daga ƙasa kullum sai ƙara yi mini nisa yake. Daga cikin 'yan biyar ɗin farko na koma benci, daga benci kocinmu ya ce in koma tebur in riƙa rubuta maki.

Na ɗauki abin a matsayin wulaƙanci. A tebur ɗin ne na haɗu da wani dattijon alƙalin wasa da kowa ke kira Baba, wanda ya fara busa usur tun kafin a haife ni. Da ya ga ina rubutu ina ɓata rai, sai ya ba ni labarin wasan ƙarshe na Olamfik ta 1972 a birnin Munik na Jamus. Amurka na gaba da 50 da 49, saura sakan uku a tashi. Rikici ya tashi tsakanin tebur da alƙalai kan agogo da batun hutun da kocin Tarayyar Sobiyet ya ce ya nema, har sai da aka shigo da ƙwallo sau uku a kan sakan ukun nan. A na ukun Sobiyet ta jefa, ta ci 51 da 50. 'Yan wasan Amurka suka ƙi karɓar lambar azurfa, har yau ba su karɓa ba. Baba ya ce da ni, "Yaro, teburin da kake rainawa ya taɓa hana ƙasa guda zinare." Daga ranar na daina ɓata rai.

Da na gama sakandare ina zaman jiran jami'a, aka shirya wani kwas na 'yan kwanaki don sababbin alƙalai. Na shiga. A jarrabawar rubutu babu wanda ya kamo ni, domin na haddace littafin dokokin FIBA kamar karatun allo. Zango huɗu ake yi, kowanne minti 10. Tim tana da sakan 24 ta jefa ƙwallo, sakan 8 ta tsallaka da ita rabin fili, ɗan wasa ba ya wuce sakan 3 a cikin ɗakin da ke gaban kwandon abokan hamayya. Laifi biyar ɗan wasa ya fita, ba shida ba kamar na NBA. Har sauyin da aka yi a 2017 kan ƙidayar taku, wanda ya sa takun da mutum yake kai lokacin da ya cafe ƙwallo cikin gudu ba ya shiga lissafin taku biyun da aka yarje masa, na san shi, alhali wasu manyan koci-koci a garinmu suna nan a kan tsohon lissafi. Kaina ya kumbura. Na sayi usur, na sayi baƙin wando, na fara tafiya irin ta alƙalai.

Sai Baba ya zuba mini ruwan sanyi. Ya ce shekarar farko ba zan wuce wasan yaran ƙaramar sakandare da wasannin atisaye ba, kuma duk wasan da zan busa sai da babba a gefena. Na ce, "Baba, ai ni na zo na ɗaya." Ya ce ya sani, shi ya duba takardar. A raina na ce tsofaffin nan dai ba sa son yaro ya taso.

Wata na biyar da fara busa, aka yi wata gasar makarantun sakandare a garinmu. Ni aikin tebur aka ba ni. Ranar wasan ƙarshe na maza, ɗaya daga cikin alƙalai biyun da za su busa ya bugo waya cewa motarsu ta lalace a hanyar Kaduna. Fili ya cika, manyan baƙi sun zauna a ƙarƙashin rumfa, rana tana yi. Baba kuma ya yi tafiya. Mai shirya gasar ya waiwaya ya gan ni da usur a wuya (kullum yana wuyana, ko tebur zan zauna) ya ce, "Kai ba kai ne ka zo na ɗaya a kwas ba? Taso." Da na ce a'a, da ba wanda zai ga laifina. Amma abin da na yi wata biyar ina jira ke nan. Na miƙe tun bai rufe baki ba.

Minti biyu da farawa na gane na shiga ruwan da ya fi ƙarfina. Yaran da na saba busa wa, idan suka ɗauko ƙwallo kana iya ƙirga takunsu kana hamma. Waɗannan kuwa samari ne, wasu sun fi ni tsayi da kai guda, shekara ɗaya tal na ba su, wasu ma sunana suke kira. Fili mita 28 ne a tsaye, amma kafin in juya sun cinye shi. Idan alƙalai biyu ke busa, ɗaya yana gaba a bayan layin ƙarshe kusa da kwando, ɗaya yana biye da wasa daga baya, kowa da yankin da zai sa wa ido. Na san wannan a takarda. A fili kuwa idona ya manne wa ƙwallo kamar na ɗan kallo. Inda ta je nan nake kallo, shi ma abokin aikina idan ta shiga yankinsa nan yake kallo, sai ya zama mutum biyu na gadin ƙwallo ɗaya, 'yan wasa takwas suna ture-turensu babu mai gani.

A zango na biyu aka doki hannun wani mai jifa a gabana, ƙarar ma kowa ya ji ta. Ban busa ba. Ba don komai ba sai don kafin ƙwaƙwalwata ta gama yanke hukunci wasa ya yi gaba. Kocinsu ya yi tsalle ya dire, magoya bayansu suka ɗauki ihu, wani daga bayana yana cewa, "An ba yaro usur, an ba yaro usur!" Cikina ya ɗuri ruwa. Da suka sake kawo hari, lamba 7 ya ɗaga hannuwansa sama yana tsaro, ko rigar mai ƙwallon bai taɓa ba. Na dunƙule hannu na ɗaga, na busa. Na san bai yi komai ba tun usur ɗin yana bakina. Biyan bashi na yi, don a daina yi mini ihu. Laifinsa na uku ke nan a takarda.

Na huɗun shi ya yi abinsa, ba ruwana. Na biyar ɗin ne labarin.

Saura ƙasa da minti biyu a tashi, makarantarsu na gaba da maki biyu. Abokan hamayya suka ƙwace ƙwallo suka taho a guje. Lamba 7 ya riga kowa komawa gida. Na ji ƙarar karo, na ga mutum biyu a ƙasa. A ƙwallon kwando babu hukuncin da ya fi wannan wuya. Idan mai tsaro ya riga ya kafa ƙafafunsa biyu a ƙasa yana fuskantar mai ƙwallo, aka zo aka bangaje shi a ƙirji, laifin na mai kai hari ne. Idan kuwa shi ne ya faɗo hanya a makare, laifinsa ne. Bambancin bai kai ƙiftawar ido ba, kuma ba za ka san shi ba sai idonka yana kan mai tsaron tun kafin a yi karon. Ni ƙarshen abin kawai na gani. Na busa, na ɗora hannuwa biyu a ƙugu, alamar tare hanya, na je tebur na nuna lamba 7. Mai rubutu ya ɗaga alamar laifi na biyar.

Bai yi musu ba. Ya dube ni kawai, ya cire rigarsa daga cikin wando, ya tafi benci ya rufe kansa da tawul. Da yake tim ɗinsu ta riga ta cika laifi huɗu a zangon, aka ba abokan hamayya jifan kyauta biyu, suka zura duka. Babu shi a fili, makarantarsu ta watse, aka cinye su da maki uku. Ɗan aji uku ne na babbar sakandare, wannan ce gasarsa ta ƙarshe da rigar makaranta.

Da daddare wani ya turo mini bidiyon ta WhatsApp, ba ko sallama. Na kalla ya fi sau ashirin ina neman inda zan fake. Babu. Yaron ya kafe kamar turmi tun mai ƙwallon yana taku biyu nesa da shi.

Da Baba ya dawo na kai masa wayar da kaina, ina jiran faɗa. Ya kalla sau ɗaya ya ce, "Ina ƙafa take?" Na fara nuna masa ƙafar lamba 7. Ya ce, "Ba tasa ba, taka." Na duba, sai ga ni can a gefen hoton ina gudu, ban ma kai layin ƙarshe ba, wani dogon ɗan wasa ya shiga tsakanina da wurin karon. Daga inda nake ko mai idon shaho ba zai ga komai ba. Baba ya ce, "Doka ka sani, ɗana. Wasan ne ba ka sani ba tukuna, kuma ba a karanta shi a littafi." Bai ɗora mini laifin duka ba. Ya ce wanda ya miƙa wa ɗan wata biyar wasan ƙarshe don kada manyan baƙi su gaji da jira ya fi ni laifi, da an jinkirta awa ɗaya da an samo wani. Amma kan laifi na ukun nan da na busa don biyan bashi, sai da ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwata da kyau. Ya ce rashin gani kuskure ne, wancan kuwa rashin gaskiya ne.

Ya sa na sayi littafin rubutu mai shafi 80. Duk wasan da na busa in rubuta rana, da su wa suka buga, da wa muka busa, da abu uku da na yi ba daidai ba. Idan ban samu uku ba, shi zai cika mini, kuma bai taɓa rasawa ba. Na koma wasan yara, wasan 'yan mata na ƙaramar sakandare, wasan gida-gida na makarantu, atisayen ƙungiyoyi da yamma inda ladanka shi ne ruwan leda biyu. Wajen wasa na sittin wani abu ya faru da ba zan iya bayyana shi sosai ba. Wasan ya rage sauri a idona. 'Yan wasan ba su rage gudu ba, amma na fara sanin inda ƙwallo za ta kafin ta je, ƙafafuna suna kai ni wurin ba tare da na yi tunani ba, idona yana sauka kan mai tsaro da kansa. Na koyi jinkirta usur na rabin sakan in ga ko taɓawar ta hana mai ƙwallo abin da ya yi niyya. Ihun koci ya koma mini kamar ƙarar injin markaɗe a maƙwabta, ina ji amma ba ya shiga aikina.

To, kada ku ɗauka ina cewa a danne matasa ne. Wannan ma na gan shi, kuma ya fi ba ni haushi.

Tare da wata yarinya muka yi kwas ɗin nan. A rubutu na fi ta, a fili kuwa ta fi ni nesa ba kusa ba. Tana da natsuwa, usur ɗinta a tsaye yake, idan ta je tebur ba da rahoto ko na bayan fili ya san abin da ta busa. Shekara uku ke nan ba ta wuce tebur da wasan ƙananan yara ba. Babu wanda ya taɓa zama ya kalli wasanta ya ce ga abin da ya rage mata. Duk gasar da ke da ɗan alawus mai kauri, sunayen da aka saba gani su ake gani, idan ta tambaya a ce ta yi haƙuri lokacinta na zuwa. Ta gaya mini kwanan baya cewa ta ba ƙanenta usur ɗin yana wasa da shi. Wannan a ƙasar da D'Tigress ta ci kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, ta kuma zama tim ta farko daga Afirka, maza ko mata, da ta kai zagayen 'yan takwas a ƙwallon kwando na Olamfik, a Faris a 2024. Tun 2017 FIBA ta amince a yi wasa da ɗankwali, 'yan matanmu suna ƙara shiga fili, kuma iyaye da yawa sun fi sakin jiki idan mace ce ke busa wa 'ya'yansu. NBA ma tun 1997 ta ɗauki mata biyu alƙalanci, Violet Palmer da Dee Kantner. Mu kuwa muna da wadda ta iya, mun bar ta tana danna agogo.

Jinkirin yana da wata illar kuma, domin alƙalanci aikin ƙafa ne. A gwajin ƙarfin jiki na FIBA da muka gwada a kwas, namiji zai yi zirga-zirgar mita 20 sau 86 cikin minti 10, mace sau 66 cikin minti 8, kana bin ƙarar na'ura tana ƙara sauri. Lasisin FIBA na ƙasa da ƙasa kuma ba na dindindin ba ne, duk shekara biyu ake sake tantancewa. Wanda aka ajiye a wasan yara har ƙafarsa ta fara nauyi, yaushe zai busa gasar ƙasa, balle ya yi mafarkin gasar BAL da aka fara a Kigali a 2021? Sannu ba ta hana zuwa, haka ne, amma masu faɗin karin maganar nan sukan manta da ƙarashenta, cewa sai an daɗe ba a je ba.

Da ni da ita cuta ɗaya ce ta kama mu: babu wanda yake aunawa. Ni an ɗaga ni don mota ta lalace, ita an bar ta don ba ta da mai faɗa mata. Shi ya sa idan aka tambaye ni shekara nawa ya kamata sabon alƙali ya yi kafin a ƙara masa mataki, nakan ce tambayar ce ba ta yi ba. Wani zai shekara biyar da usur bai busa wasa talatin ba, wani zai busa tamanin a shekara ɗaya. Ko yawan wasan ma bai isa ba, domin wanda ya busa wasa ɗari babu mai gyara masa, kuskurensa ya maimaita sau ɗari har ya zame masa jiki. Abin ƙirgawa shi ne wasannin da wani masani ya zauna ya kalla, ya rubuta, ya kira ka gefe bayan an tashi. Idan irin wannan mutum ya ga matakin da kake ya daina ba ka wuya, to kada a ƙara maka ko wata ɗaya don kawai kai yaro ne. A hau da kai mataki ɗaya, ba uku ba. Babban wasanka na farko ya zama na zagayen farko, ba na kofi ba, kuma idan da hali a sa ka cikin alƙalai uku yadda ake yi a manyan gasanni, inda yankinka ya fi ƙanƙanta kuma manya biyu na rufa maka baya. Idan aka ga bai yi ba a mayar da kai ƙasa na ɗan lokaci, kada kuma kowa ya ɗauki hakan abin kunya. Ni an mayar da ni, ban mutu ba.

Idan makarantarku tana da fili, ko da na siminti ne mai kwando ɗaya a karkace, ku je wurin malamin wasanni ku ce kuna son aikin tebur a gasar gida-gida. Littafin dokokin FIBA kyauta yake a intanet, da Turanci, kuma akan yi masa gyara lokaci-lokaci, don haka ku tabbatar sabo kuka sauko. Ku nemi babba guda da zai riƙa kallonku, mai faɗin gaskiya ko da ba daɗi. Kuma ranar da wani zai nuna ku da yatsa ya ce ku taso ga babban wasa, ku tambayi kanku ko an zaɓe ku ne ko kuwa ku kaɗai aka gani a kusa.

A hutun da ya wuce na daina canja hanya. Na same shi a shagon yayansa inda suke sayar da kayan waya, na ce masa laifi na biyar ɗin nan ba nasa ba ne, na uku ma haka, ya yafe mini. Ya yi dariya ya ce, "Haba rafali, ai na sani ba ka gani ba, kana bayan dogon nan namu." Ashe shi yana ƙasa a kwance ma ya san inda na tsaya. Na ukun dai bai ce komai a kansa ba, ni ma ban matsa ba. Na sayi cajar da ba na buƙata na tafi.

Littafina na biyu ya kusa cika, wasa 94 ke ciki. Baba ya ce a gasar ƙungiyoyin manya da ke tafe zai sa ni na uku a wasan zagayen farko, ya kuma yi mini alkawarin zai je gidan su yarinyar nan da kansa ya karɓo usur ɗin daga hannun ƙanenta. Kafin nan, ranar Asabar ina da na 95, 'yan matan ƙaramar sakandare, ƙarfe takwas na safe.